Kawu Adamu da Yaran da Ya Riƙe a Ɗakin Hoto

Ranar Talatar ƙarshe ta watan Rajab, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina zaune a bayan wata mota a tashar Gadau ana jiran cikon mutum ɗaya, sai wayata ta yi ƙara. Mahaifiyata ce. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Hafsatu, kawunki Adamu ya cika." Na yi salati, sannan na tambaye ta ƙarfe nawa. Ta ce ana kiran La'asar. Daga baya na ga asibiti sun rubuta huɗu saura minti goma, ita kuwa Inna Yagana, matarsa, wadda ke riƙe da hannunsa, ta ce ladan bai soma ba tukuna. An yi masa sutura a Azare kafin Magariba. Na iso gidan maza sun riga sun tafi da shi.

Malam Adamu Mai Hoto, kamar yadda Azare ta san shi, wan mahaifiyata ne, haifaffen Katagum. Ya yi fiye da shekara talatin yana ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi, mafi yawansu a wani asibitin kuɗi da ba zan ambaci sunansa ba. Ciwon da ya yi ajalinsa kansar jini ce, an tabbatar da ita a Kano a bara. Wannan ba zato ba ne, na ga sakamakon gwajin da idona. Saboda shi na karanci aikin hoton asibiti, kuma ban daɗe da gama shekarar koyon aiki ba ya rasu. Yanzu mai asibitin yana so in gaji ɗakinsa, yana jiran amsata. Abin da ya hana ni amsawa shi ne, halin da mutane suka fi yabon Kawu da shi a zaman makoki, shi ne abin da nake tsoron ya kai shi kabari.

Ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Uwata yake ce mini. Ina sakandare, wani hutu da muka je Katagum, ya tafi da ni bakin kogi sayen kifi, rediyonsa a hannu kamar kullum. Muna jiran masunta su fito ya juya rediyon, ya nuna mini inda aka rubuta gajeren zango, ya tambaye ni zangon mene ne. Ban sani ba. Sai ya tsuguna ya ja dogon layi a kan rairayi, ya ce haske zuriya guda ce mai 'ya'ya da yawa, idonmu ɗaya kawai yake gani a cikinsu. Babban wansu shi ne na rediyo, mai dogon zango da sanyin hali. Mai bi masa shi ne wanda wayar hannu ke hawa. Sai ɗumin da kake ji a fuska in ka matso kusa da garwashi, tun ba ka taɓa ba. Sai wanda muke gani. Gaba da shi akwai wanda ke cikin rana da wutar walda, mai sa idon mai kallo ya kwana yana raɗaɗi. Sai nasa, eksire, mai ratsa nama ya tsaya a ƙashi. Autansu shi ne gamma, wanda manyan asibitoci ke ƙona kansa da shi. Ya ce duk wanda zangonsa ya fi gajarta ya fi zafin rai, ya waiga ko'ina, ya rage murya ya ƙara da cewa, "Kamar dai kawunki Isa." Kawu Isa shi ne babbansu, gajere ne, kuma ba a yi masa musu.

A ranar ya ja wani ɗan layi ya gitta na farkon, can wajen hasken walda. Ya ce na ƙasa da nan iyakarsu su ɗumama jiki. Na sama da nan kuwa suna iya gutsurar abin da aka gina ƙwayoyin jiki da shi, su bar ɓarna da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Na yi shekara biyar a jami'a, an ba ni sunayen Turanci da lissafi, amma ba a canja wurin da layin nan yake ba. Na faɗi haka ne don a san cewa mutumin da zan ba da labarinsa ba jahilin aikinsa ba ne. Ya san abin da ke fitowa daga injinsa fiye da kowa a garin nan.

Mutum ne mai tsabta da tsari, ba ya son gaggawa. Kafin ya ɗora tsoho a kan teburin ƙarfe sai ya shimfiɗa masa zane saboda sanyi. Mutanen ƙauye da ke tsoron injin zai sha musu jini, yakan fara kunna fitilar saiti ya sa nasa hannun a ciki, ya ce su duba, wannan fitila ce kawai. Fulanin da ke zuwa daga wajen Shira da Fulatanci yake yi musu bayani, yana kuskure suna gyara masa suna dariya, kafin su ankara an gama. Ya sha gaya mini cewa hoton da aka sake ɗauka saboda ganganci zalunci ne, domin an ba mutum haske sau biyu alhali sau ɗaya ya isa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa majinyaci murya ba.

A zaman makoki ina cikin gida wajen mata. Wata ta shigo ta yi gaisuwa, ta ce ba za ta manta da Malam ba, shi ya riƙe mata Sani da hannunsa ranar da ya faɗo daga mangwaro. Muka ce Allah ya jiƙansa. Wata ta ce ita ma haka, 'yarta tana wata takwas tana ciwon haƙarƙari, ya ce mata, "Hajiya, fita ki sha iska, ni da ita za mu daidaita." Mata suka yi ta ba da irin wannan labari, kowacce da nata yaron. Na farko ya sanyaya mini rai. Kafin azahar labaran sun koma ba ni tsoro.

Ga dalili. Yaro ƙarami ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, dole wani ya riƙe shi. Ƙa'idar aiki ita ce ɗan'uwan yaron ya riƙe, a sa masa rigar dalma mai tare haske, ma'aikaci kuma ya koma bayan katanga ya danna. Ba don ran ma'aikaci ya fi daraja ba. Uwa sau ɗaya za ta tsaya a wurin, abin da zai fantsamo mata kaɗan ne ƙwarai. Ma'aikaci in ya mayar da abin al'ada, kaɗan ɗin nan taruwa yake yi, yau da gobe, shekara da shekaru. Wannan darasin aji na farko ne. Kawu da bakinsa ya koya mini shi kafin malamaina.

Su maza a waje wani zargin suke yi. Akwai ƙarfen sabis na wayar hannu da aka kafa a filin da ke bayan gidan Kawu, kuma tun da ya kwanta unguwa ta yanke hukunci a kansa. Ranar sadakar uku Kawu Isa ya sa aka kira ni zaure. Ya ce tunda ni ce na yi karatun, in bi su wajen mai unguwa in faɗa da bakina cewa ƙarfen ne. Na durƙusa na ce masa abin da ƙarfen ke fitarwa ɗan gidan rediyo ne, yana can ƙasa da layin da ke gutsurar jiki, kuma a iyakar abin da aka bincika ban san wata hujja da ta ɗora masa kansar jini ba. Na ce ba zan iya faɗin abin da ban tabbatar ba a gaban mai unguwa.

Ya ce, "To ke wa kike karewa?"

Na ce ba kowa, Kawu.

Ya ce wa mutanen da ke wurin su duba, an tura yarinya jami'a ta dawo lauyan kamfani. Wani tsoho ya ce shi dai tun da aka kafa ƙarfen kajinsa suka rage ƙwai, wani ya ce masa ai tun kafin nan ba ya ba su dawa. Aka ɗan yi dariya, na samu na tashi. Ban gaya wa Kawu Isa abin da nake zargi ba. Ba ni da hujja, shi kuma ba ya jiran hujja, da a ranar zai isa ƙofar asibitin.

Mai asibitin, wanda kowa ke ce wa Likita, ya zo gaisuwa tun a rana ta biyu. Ya yi kuka, kuma ban ga alamar na ƙarya ne ba. Amma kafin ya tafi ya sa aka kira ni gefe, ya ce ɗakin kawuna na jirana, mutane sun saba da hannun gidanmu. Saurin ya dame ni. Na tambaye shi ina bajon Kawu, wato ɗan ma'aunin da ma'aikacin hoto ke maƙalawa a ƙirji, ana aika shi lokaci-lokaci a karanta yawan hasken da ya sha. Ya ce Malam ba ya son sa shi. Da na ce ai na sha ganinsa da shi, sai ya ce eh, ana aikawa, sai dai zai bincika inda sakamakon yake. Amsa biyu ke nan a tsayuwa ɗaya, kuma ba sa zama tare. Mai yiwuwa ruɗewar makoki ce. Na rubuta abin da ya faɗa ne kawai.

Bayan sadakar bakwai na je ganin ɗakin. Hajiya Dije, tsohuwar nas da ta yi aiki da Kawu tun farkon zuwansa, ita ta buɗe mini. Komai a goge, komai a wurinsa. Rigar dalma ɗaya ce tak. Na shafa ta, na ji tsagewa a cikinta wajen kafaɗa da ciki. Sannan na bi wayar madannin da ake ɗaukar hoto da shi. Ya kamata ta ƙare a bayan katanga. Wannan an yi mata ƙari, an naɗe mahaɗin da baƙin salatif, ta bi gindin bango ta zo har ƙarƙashin tebur, inda aka ɗaure madannin a kan wani ɗan katako. Katakon ya yi santsi, gefe ɗaya ya lotsa daidai babban yatsan ƙafa.

Hajiya Dije ta ce wani mai gyaran rediyo Kawu ya sa ya yi masa, tun ina goye. Hannu biyu a kan yaro, ƙafa a kan madanni. Na tambaye ta rigar fa. Ta ce yawanci yaron yake lulluɓa wa daga cibiya zuwa ƙasa. Na tambaye ta ko Likita ya sani. Ta gyara mayafinta, ta ce wayar dai ba ɓoyayyiya ba ce, duk mai shiga ɗakin yana tsallake ta.

Dalilin kuwa a wajen Inna Yagana na ji shi, tana cikin takaba, muna tsince shinkafa. Ta ce farkon aikinsa wata amarya ta kawo ɗan yayarta da ya karye, tare da uwar mijinta. Kawu ya bi ƙa'ida, ya tambaye ta ko tana da ciki, domin mai ciki ba ta tsayawa kusa da injin. Yarinyar ta rufe fuska ta girgiza kai. Kowa a ƙasar nan ya san ba a tambayar mace cikin fari, balle namiji baƙo ya tambaya, balle a gaban suruka. Ta riƙe yaron aka ɗauka. Bayan 'yan makonni aka kawo ta asibitin ta yi ɓari, cikin wata uku. Inna ta ce ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

A matsayina na wadda ta karanci abin, dole in ce da wuya ƙwarai hoto ɗaya, ga rigar dalma a jikinta, ya jawo wannan ɓari. Ɓari a watannin farko abu ne mai yawan faruwa. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce ai shi ma ya faɗa, ya ce lissafi ya wanke shi amma zuciyarsa ba ta iya lissafi ba. Tun daga ranar bai ƙara tambayar wata mace ba, kuma bai ƙara barin wata ta tsaya ba, sai in tsohuwa ce tukuf. In uban yaro ya zo, ya ba shi rigar. Amma sau nawa uba ke kawo yaro asibiti da safe? Ta ce ta taɓa yi masa faɗa a kan abin, ya ce mata, "In na tambaye ta, kunya ce za ta amsa mini, ba ita ba. Ni kuwa na san ba ni da ciki."

Ta yi 'yar dariya da ta faɗi wannan, sannan ta sa bakin zane a ido. Na tuna hannuwansa. Shekarun baya fatar yatsunsa ta bushe tana tsagewa, faratansa sun yi kaushi. Na taɓa tambayarsa, ya ce ruwan wanke hoto ne. Ruwan wanke hoto yana yin haka. Hasken eksire da ya daɗe yana taruwa shi ma yana yin haka. A lokacin na karɓi amsar farko.

Makon jiya na koma asibitin don in gaya wa Likita sharuɗɗana: a cire ƙarin wayar, a sayo sababbin riguna, a ba ni bajo in riƙa ganin sakamakonsa da idona, kuma a kawo masu aunawa su auna injin da katangar. Na farko da na biyu ya amsa nan take. Na uku ya ce babu damuwa. Na huɗu ya ce za a duba. Muna cikin maganar aka shigo da wani yaro ɗan shekara biyu, hannu a kumbure, yana ta tsala kuka. Babu mai ɗaukar hoto a asibitin tun kwanciyar Kawu sai wani da ke zuwa da yamma. Likita ya dube ni.

Na sa Hajiya Dije ta taya ni muka cire ƙarin wayar. Uwar yaron, mace ce da ta girme ni, ta miƙo mini shi tana shirin fita, kamar yadda aka saba. Na ja ta gefe inda babu kowa, na rage murya, na tambaye ta ko tana da ciki. Ina tsammanin tunda ni mace ce abin zai zo da sauƙi. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ko aure kin yi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Malam bai taɓa yi mana haka ba."

Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amsa. Na tambaye ta ko akwai wata tsohuwa a gida. Ta ce kakar yaron tana kasuwa. Aka tura ɗan acaɓa. Yaron ya yi ta kuka kusan awa guda a kan cinyarta, ni ina tsaye a bakin ƙofa, na san da Kawu ne da tuni an gama, an ɗaure hannun, sun kama hanyar gida. Sau biyu na ji ƙafata na son shiga. Da tsohuwar ta iso na sa mata rigar, na juya tsagewar ta koma baya, na koma bayan katanga na danna. Hoton ya fito sarai, karaya ce a ƙashi ɗaya. Da za su fita na ji uwar tana ce wa Hajiya Dije jinin dai ɗaya ne amma halin ba ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa. Ba zan riƙe yaran Azare kamar yadda ya riƙe su ba, kuma har yau ban amsa wa Likita ba, sai an auna ɗakin.

Ajali na Allah ne, kuma Kawu bai wuce lokacinsa da ko daƙiƙa ba. Amma shi ya koya mini in raba abin da na sani da abin da nake zato, don haka ga abin da ban sani ba. Ban san yawan hasken da jikinsa ya sha ba, domin ban samu bajon ba, ban ga sakamakonsa ba, ban ma san ko an taɓa aika shi ba. Ban san ko injin yana yoyo ba. Ban san yaushe rigar ta tsage ba, ko shi ya san ta tsage. Ban san abin da Likita ya sani ba, ko tun yaushe. Ban san ko hasken ne ya jawo ciwon ba: an tabbatar eksire mai yawa yana ƙara haɗarin kansar jini, amma mutane da dama suna kamuwa da ita ba su taɓa shiga ɗakin hoto ba, kuma babu gwajin da zai nuna na mutum ɗaya daga ina ya zo. Ban san yadda zan gaya wa Kawu Isa ba. Kuma ban san mata nawa ne cikin waɗanda ya ce su fita su sha iska suke ɗauke da ciki ba. Ba wanda zai taɓa sani, domin bai tambayi ko ɗaya ba. 'Ya'yan nan suna cikin garin nan, wasu ma sun yi nasu 'ya'yan.

Ya Allah, bawanka Adamu ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, har da wanda ya yi wa jikinsa saboda tausayin bayinka. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Inna Yagana da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka tsaya musu inda yake tsaya musu. Ka sanyaya zuciyar Kawu Isa da ta mahaifiyata. Duk yaron da ya bi ta hannunsa, da wanda ya kare tun bai zo duniya ba, ka sa ladansu a mizaninsa. Mu kuma da muka rage a wannan aiki, ka ba mu tausayi irin nasa, ka tsare mu daga cutar da kanmu. Amin.